Hoton da Aka Ce Wani Ɗan Kallo Ne Ya Ɗauka

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma. Ranar Talata, tara ga wannan wata, Allah Ya karɓi ran Yaya, mawaƙin da na yi shekaru ina ɗaukarsa hoto, bayan gajeriyar jinya.

Ba wanda ya koya mini hoto. A aji uku na sakandare na tsaya, na fara da hoton fasfo a bakin titi, da farin ƙyalle rataye a bango. Da gumina na buɗe shago, da shi na sa 'ya'yana a makaranta, ban taɓa durƙusawa a ƙofar kowa ba. Na faɗi haka ne don kada a ɗauka roƙo ya kawo ni.

Yaya, ba ciki ɗaya muka fito ba, kai ka ce in riƙa kiranka haka. Ranar da mai tsaron ƙofa ya hana ni shiga, ka ajiye makirufo ka sauko da kanka, ka ce, "Sakar mini ƙanena! In ba shi, wa zai nuna wa duniya ina da kyau?" Da matata ta kwanta asibiti, ka riga 'yan'uwana zuwa.

Filasha ce ba ka so, walƙiyar nan ta kyamara. Ka ce tana yanke maka waƙa a maƙogwaro. Ga shi fitila ɗaya tak kake yarda a kunna a zauren wasa. Saboda kai na sayar da babbar kyamarata, na shiga neman ƙarama. Na sa mai sayar da kyamarori ya rufe ƙofar shagonsa, ya kashe wuta, ya ƙyasta ashana kusa da fuskarsa yana kaɗa kai kamar mai waƙa, ni kuma ina gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ba ni hoto dishi-dishi, wata ta yi masa kai biyu. Na zaɓi wadda idonta ya fi buɗewa, ba ta yin ƙara, tana shiga aljihun riga. Abokan sana'a suka yi ta dariya, wai na koma wasan yara.

Da ita na ɗauki hoton nan: idonka a rufe, gumi a goshi, rabin fuska cikin duhu. Shi ne a bangon faifanka, shi ne yau a jaridu. Sai dai mai ƙaramar kyamara ba a ganin yana aiki. Cikin jama'a nake zaune kamar kowa. Kai kaɗai ne shaidata, don a hannuna ka karɓe shi, ka ce, "Kai! Wannan ko uwar yara ta gani sai ta sake sona."

Sai ga shi a hirarka ta ƙarshe a rediyo an tambaye ka wa ya ɗauka, ka ce, "Wani ɗan kallo ne, ban ma san shi ba." Ina shago na ji, a gaban masu jiran hoto. Ba ka san ni ba, Yaya? Na bari sai ka warke in tambaye ka ido da ido. Ba ka warke ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba uwar yara da yaran haƙuri. Ina so in ce na yafe, bakina bai iya ba tukuna.

Kai kuma ɗana, babban ɗan Yaya, na ji za ku sake buga faifan. Kada ku bar haƙƙin nan a wuyan mahaifinku. A ƙasan hoton akwai fili. A rubuta sunana, da na mahaifina.