Ƙasar Kogon da Hajiya Raki Ta Ɗebo

Hajiya Raki ba ta dawowa daga tafiya hannu rabbana. Tun da ɗanta Sa'id, likita a Birmingham, ya ɗauko ta daga Zariya ya ajiye ta a unguwar Lozells, matan unguwa suka san ko Salford ta leƙa sai ta riƙo tsaraba. Da wannan take taƙama, kuma ba ta ɓoyewa.

Bara Sa'id ya kai iyali hutu Turkiyya. Aka shiga da su wani kogo da aka sassaƙa a cikin dutse, ga ginshiƙai, ga bango duk tsofaffin zanen mutane masu dogayen riguna. A bakin ƙofa kuma wani kare ya miƙe ƙafafu yana sharar barci. Hajiya ta dubi kogon, ta dubi karen, ta cire takalmi. Mai yi musu bayani yana ta zuba Turanci, ita kuwa ta riga ta gama nata tafsirin: kogon Ashabul Kahfi ne, samarin nan da suka yi barcin ɗaruruwan shekaru tare da karensu. Ta cika ledar burodi da ƙasar wurin, ta tura wa matan Islamiyyarsu saƙon murya tana kuka.

Sai a mota Sa'id ya ce, "Hajiya, coci ne fa. Tsohon coci."

"Na riga na tura," in ji ta. Kunya ta rufe ta, amma ledar dai ba ta zubar ba.

Da suka dawo ta raba ƙasar ƙulli-ƙulli, har Manchester sai da ta kai. Aminiyarta Inno ta unguwar Rusholme a can, wadda ciwon gwiwarta ya gagari likitoci, ta kwaɓa ta shafa, aka wayi gari ta jingine sanda. Sunan Hajiya ya ƙara tashi, gabanta kuma ya ƙara faɗuwa.

Asiri ya tonu ranar wani suna a gidan Inno. Humaira, jikar Hajiya, tana nuna wa mata hotuna a waya, sai ta ce, "Ga church ɗin da Grandma ta ɗebo sand." Gicciye ne ɓaro-ɓaro a saman ƙofar. Matan falo suka juyo kan Hajiya.

Hajiya ta gyara ɗaurin kallabi, ta juya ga malamar Islamiyya. "Malama Ramlat, samarin kogo mabiya wane annabi ne?"

"Masu tafsiri da yawa sun ce Annabi Isa."

"To wa kuke so ya riƙe musu kogon, mutanen Zariya?"

Aka kwashe da dariya, aka koma kan waina. Inno ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ja Hajiya kicin, ta tura ƙofa.

"Raki, tsakaninki da Allah."

"Coci ne, Inno. Tun a mota na sani." Muryarta ta yi ƙasa, don wannan ce matar da ta fi jin nauyi a duk Ingila.

Inno ta zube kan kujera tana cije leɓe. "Alhamdu lillahi. Ni ma gwiwar nan ba ta taɓa daina ciwo ba, kunyarki na ji. Tura jikar nan taki ta ɗauko min sandata a bayan firji."