Kwandon Tawul na Marlene

Ƙarfe shida na safe Marlene Kowalchuk take sauka ɗakin wanki, can ƙarƙashin gidan kula da tsofaffi inda muke aiki a birnin Winnipeg. Ta kakkaɓe ƙanƙara daga takalmanta, ta kunna injuna, ta ɗora shayi. Shekara talatin da ɗaya tana haka. Watan jiya ta yi ritaya ta koma wajen 'yarta a garin Brandon, kuma har yau in na bi ta bakin matakalar nan sai na rage sauri, ko zan ji muryarta. Wallahi ina kewarta.

Mu ma'aikatan jinya muna da wani hali. Ka ce mu huta, sai mu ce "bari in gama wannan", har a tashi ko ruwa ba mu sha ba. Amma ka ce mu taimaka, da gudu za mu zo ko da ƙafa na rawa. Marlene ta karance mu tsaf. Ba ta cewa kowa ya huta. Sai dai ta leƙo, ta ƙare mana kallo, ta nuna ɗaya.

"Ke Luz, zo ki taya ni ninke tawul, bayana ya riƙe."

"Anti Marlene, wai bayan nan naki ba ya sakewa ne?"

"Tsufa ne, ke ma yana nan tafe. Wuce mu je."

A ƙasa akwai kujera ɗaya da kwandon tawul masu ɗumi. Za ta karɓe wayarka ta jefa aljihu, ta turo maka shayi da burodin da ta gasa. Ta riga ta sa wani ya riƙe maka majinyatanka. Minti goma sha biyar ba mai kiran sunanka.

Ni shaida ce. Shekarar da ma'aikata suka yi ƙaranci ina ɗauke da aikin mutum biyu, barci ya ƙaurace mini. Ran nan da hantsi na daka wa Mista Friesen tsawa, tsoho ɗan shekara casa'in, don kawai ya zubar da miya. Ya dube ni ya ce, "Yi haƙuri, 'yata." Kunya ta kusa kashe ni. Na rubuta takardar barin aiki, na nufi ofis, sai ga Marlene ta tare hanya.

"Ina zuwa da wannan fuskar?"

"Anti, yau ba ni da lokaci."

"Ni kuma ba ni da baya. Zo."

Ina ninki ina kuka har na gama. Sannan ta ce, "'Yar nan, mai mugun hali ba ya kuka don ya yi wa tsoho tsawa. Gajiya ce. Yaushe rabonki da hutun kwana uku a jere?" Na kasa tunawa. Ta ce, "To takardar nan da kike ɓoyewa, juya bayanta ki rubuta neman hutu." Haka na yi. Yau shekara tara ina nan, kuma ni na riƙe hannun Mista Friesen ranar da ya cika.

Ranar bankwana ta miƙo mini kwandon a gaban kowa. "Guda goma sha biyu ne, ba a kai su sama. In an ninke ki warware, ki mayar inji su yi ɗumi, ki jira na gaba."

Luz ta dafe ƙirji. "Au! Aikin banza kike sa mu shekara da shekaru? To bayan fa?"

"Lafiyarsa lau. Har rawa nake yi ran Asabar."

Marlene, uwa ma ba da mama, ke ce kika san rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Ke ce kika riƙe mu a aikin da muke so lokacin da ya kusa cinye mu. Mun gode, Allah ya ba ki hutun da kika yi ta raba mana. Ku kuma masu karatu, ku duba wanda ke kusa da ku a wajen aiki, ku nemo masa nasa kwandon tun bai faɗi ba.

Jiya na ga Luz idanunta sun faɗa, tana amsa mutane a gajarce. Na leƙa na ce bayana ya riƙe. Ta harare ni, ta san ƙarya nake yi. Sai ta miƙo mini wayarta, ta biyo ni ƙasa.