Na kai su Dammam, na dawo da ɗana ba yadda na tafi da shi ba

Kocin ƙungiyar hokin ƙanƙara da nake wa tuƙi ya cuce ni. An buga kan ɗana da bango, kocin ya san abin da ke nan, bai mayar da shi fili da bakinsa ba, sai ya sa ni na yi. Masu tambayata yadda tafiyarmu ta Dammam ta kasance, ga ta nan.

Mun tashi da asuba ranar Asabar daga Suwaidi, unguwarmu a Riyad, ni da 'yan wasa goma sha biyar da kocin, da jakunkuna masu warin tsohuwar safa. Ɗana na cikinsu. Shekararsa ashirin da biyu, a Riyad aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa nisa. Aikinsa kai abinci a babur, da shi muke haɗa kuɗin haya. Wasan kuwa a kan ƙanƙara ake yi cikin wani katafaren kanti, da takalma masu wuƙa a ƙasa, ana korar ɗan faifan roba da sanduna. Ni ɗan Gumel, ban taɓa zaton zan haifi mai zamiya a ƙanƙara a ƙasar da ake iya soya ƙwai a kan mota ba.

Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ko ɗaya, sai kyamarori masu jiran ka wuce ƙa'ida. Rairayi ja dama da hagu, raƙuma a bayan waya suna kallonmu kamar mu ne dabbobin. Mun tsaya wani gidan mai. Shayin madara riyal biyu, gurasa da wake riyal bakwai, mai sayarwar ɗan Maraɗi ne, da ya ji Hausata ya ƙara mini gurasa ɗaya. Wajen ƙarfe goma muka shiga Dammam, iskar teku ta manne mana a jiki.

Bayan azahar aka fara. Ciki sanyi kamar firji, na ari bargon wani mai gadi. Ana tsakiyar wasa wani ƙato ya zo da gudu ya haɗa ɗana da bangon gilashi. Ƙarar hular kwanonsa har inda nake. Ya faɗi, ya tashi, sannan ya nufi bencin abokan hamayya ya zauna. Mutane suka yi dariya. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yi.

Aka jawo shi wajenmu. Kocin ya haska masa ido da fitilar waya, sai ya yafuto ni.

"Ya Hajji, kai ne ubansa. Yana cewa kansa na juyawa. Mene ne ra'ayinka?"

To ni a gidan dambe na tashi. A wajenmu wanda aka kayar ya miƙe shi ake yi wa kirari. Na cire masa hular kwanon, na shafa kansa, ba jini, ba kumburi. Na ce masa da Hausa, "Tashi, kai namiji ne. Kar ka ba ni kunya a gaban Larabawa." Kocin ya tafa hannu ya ce, "Yalla, maza, babanka ya yi magana."

Yaron ya koma fili. Ba a yi minti biyar ba aka sake bugunsa, bugun da bai kai na farko ba. Wannan karon da hannu aka ɗauko shi. Yaranmu suka ci wasan, uku da biyu.

A hanyar dawowa yaran suna waƙa, shi yana gaba kusa da ni, ya rufe ido da riga saboda rana. Ya ce, "Baba, mun ci?" Na ce kun ci. Ba mu yi nisa ba ya sake tambaya. Kafin mu kai gidan man nan na ƙirga sau tara. Ya yi amai a bakin titi. Da muka tsaya sallar magariba ya yi raka'a ɗaya ya zauna yana kallon tabarma. Ɗan Maraɗin ya kawo ruwa ya ce, "Malam, wannan ba gajiya ba ce, ka kai shi asibiti."

Can na wuce da shi da muka shigo Riyad. Likitan, Basudane ne, ya ce ƙwaƙwalwa ce ta jijjigu a cikin ƙoƙon kai, kuma bugu na biyu a kan na farko shi ne mugun. Ya ce duk wanda aka ba takardar koci an koya masa: mai jiri ba ya komawa fili, ko waye ya ce.

Yau sati uku. Babur yana jingine a ƙasan bene. Yaro yana ɗaki an saki labule, ƙarar cokali ma ciwo take sa masa. Ya yi wa uwarsa tsawa, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya zauna yana kuka. Likita ya ce a yi haƙuri, bai ce har yaushe ba. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: akwai raunin da ba ya zubar da jini, kuma idan mai ilimi ya nemi shawarar wanda bai sani ba, wanda zai jingina wa laifi yake nema.

Shekaranjiya na kai wa kocin jakar kayan wasan har bakin filin. Ya tashi da fara'a ya ce, "Salamat, ya Hajji. Yaushe jaruminmu zai dawo? Ka tuna fa kai ka ce ya shiga."

Na ce, "Ni na ce, kuma da shi zan mutu. Amma ni hannu na sa na shafa, kai fitila ka haska ka gani. Ga jakarku. In kana son sanin ranar da zai dawo, gidan yana Suwaidi, ka san ƙofar. Ka zo ka zauna da shi yini ɗaya a cikin duhun nan, ka tambaye shi da kanka. Wannan karon ba zan amsa maka ba."