Sabil ɗin Baba Idrisu

Al'ummar da ba ta kafa wa gwarzayenta alama ba, ta yi wa tarihi butulci. Da wannan hikimar na baro unguwar Kurayyat ta Jidda bayan sallar asuba, bisa aiken mai masaukina, Hajiya Ramla. Mahaifinta, Baba Idrisu, ya ƙarar da rayuwarsa yana zarya ofis-ofis don jikokin alhazan da suka zauna Jidda su samu takarda da makaranta. Da ya rasu, unguwarsu ta Hindawiyya ta kafa masa sabil, wato firjin ruwan sadaka, da allon ƙarfe mai ɗauke da sunansa. Yanzu ƙafa ta ƙi Hajiya, ido ma ya kama hanya. Hoton sunan take so ta gani kafin idon ya ƙarasa.

Hindawiyya

Ɗanta Usmanu ne ya tuƙa ni. Mun tarar da fili fetal, rusau ya share layin. Usmanu ya nuna mini wata ƙura ya ce nan aka haife shi. Wani mai gadi ya ce lokacin da maƙwabta za su tashi, sun ɗora sabil ɗin a mota tare da katifunsu, sun yi unguwar Khumra da ke kudu.

Hanyar kudu

A shingen bincike aka tsayar da mu. Jikan mutumin da ya sama wa unguwa guda takarda ya sha lalube kafin ya gano iƙamarsa, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin kujera. Daga nan muka karya da waken ful da gurasar tamis.

Khumra

Bayan wani sito muka samu sabil ɗin, leburori sun yi layi da gorunansu. Allo kuwa babu, sai ramukan ƙusa. Mai walda na kusa ya ce gindin firjin ne ya ɓule bara, sai ya ciro wani ƙarfe marar amfani daga gabansa ya liƙe wurin. Rubutun yana ciki, yana kallon ruwa. Na ɗauki hoton abin da ya samu.

Gida

Mun iso lafiya kafin azahar, godiya ga Allah da Usmanu. Na fara jero wa Hajiya bayani, ta katse ni.

"Malam, ruwan da sanyi?"

"Da sanyi, Hajiya."

"Ana sha?"

"Har layi."

"Halas, shi ke nan. Baba ma haka aka yi da shi yana raye."

Ta karɓi wayar, ta sumbaci hoton, ta yi addu'a. Suna ɗaya ne ya fito a ciki, na kamfanin da ya ƙera firjin.