Shinkafar da Na Zuba a Bayan Katangar Tsere

Shekarun baya, lokacin da ake gina hanyar tseren motoci ta bakin teku a nan Jidda, ina cikin masu shara. Yanzu in aka nuna wurin a talabijin da fitilu da tutoci, sai ka ji mutane suna ba da tarihinsa kamar da su aka yi. Ni na san shi tun yana wurin shan iska. Ranar Juma'a da yamma mukan taso daga unguwar Hindawiyya ni da abokina, haifaffen nan, mu shimfiɗa tabarma mu sha shayi, iyalai suna gasa nama gefe. Wata rana aka zagaye wurin da shinge, cikin 'yan watanni kwalta ta cinye inda muke zama. Shi abokin nawa ne ya samo mini aikin, don a can yake tuƙa motar ruwa.

Aikinmu a baki ba wuya. Mu jeru kafaɗa da kafaɗa, kai a sunkuye, mu bi kwaltar muna tsince tsakuwa da ƙusa da duk abin da ido ya gani. Sun ce motocin da za su bi ta nan, tsakuwa guda ta isa ta kashe mutum. Haka muke yini, rana a ƙeya, gumin Jidda yana bin baya. In na koma ɗaki ko takalmi ba na iya cirewa sai na huta.

Da azahar ana kawo mana shinkafa da kaza a ƙunshe, ta fi ƙarfin cikin mutum ɗaya. Kowa ya ci rabi ya jefa sauran a bola. Ni kuwa hannuna ba ya iyawa. A gidanmu can Maraɗi, ƙwayar hatsi ta faɗi ƙasa mahaifiyata sai ta sa ka tsince. Saboda haka na samu wani lungu bayan katangar siminti, daidai wata kwana, kullum in juye ragowar tawa a can don tsuntsaye su ci, har ina haɗawa da ta wasu. A raina lada nake tarawa.

Abokina ya gan ni sau ɗaya. Ya ce, "Ya akhi, esh hada? Mene ne wannan? Nan ba masallacin unguwa ba ne. Wallah za ka jawo mana mushkila."

Na ce, "Tantabara ce fa kawai za ta ci."

"To ai ita ce mushkilar."

Na yi kunnen uwar shegu da shi. Ina ganin ɗan birni ne, bai san darajar abinci ba.

Tantabarun suka gane wurin, suka gaya wa 'yan uwansu. Ranar da manyan baƙi suka zo duba hanya, aka sa mu muka koma gefe, wata mota ta taho a guje tana gwaji. Tana shan wannan kwanar, garken tantabaru ya tashi a gabanta. Na ji ƙarar birki, sai ƙarar ƙarfe yana gogar siminti. Direban ya fito da ƙafarsa, alhamdu lillahi, amma gefen motar ya tashi daga aiki. Tun kafin kowa ya leƙa bayan katangar na san shinkafata ce ta jawo.

Shugaban aikinmu ya jera mu a rana, ya zo da busasshiyar shinkafa a tafin hannunsa. "Min? Wa ya yi wannan? Yalla, ku yi magana!"

A cikinmu akwai wani dattijo ɗan Chadi, Baba muke ce masa. Ya fi shekara talatin a ƙasar nan, kuma kowa ya san yana gutsura wa wata kyanwa kaza a bakin ƙofar shiga. Idanu duk suka koma kansa. Ni na san abin da kora take nufi ga irinmu: a mayar da kai wurin kafili, wato ubangidan da ya tsaya maka a ƙasar, in ya ga dama ya ƙi sabunta maka iƙama, takardar izinin zama, sai jirgi. Na tuna matata da 'ya'yana a gida suna jiran abin da zan aika. Na sunkuyar da kai kamar mai neman tsakuwa.

Baba ya cire katin aikinsa daga wuya ya miƙa wa shugaban, aka sallame shi. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni na ɗebo, bakin wani ya ƙone.

Kwana uku ina fama da kaina kafin na je wurin shugaban na ce ni ne. Ko ɗago kai bai yi sosai ba. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare, an rufe takarda. So kake in kori mutum biyu? Koma bakin aikinka." Ihu bayan hari ke nan. Kuma ba zan ɓoye muku ba, da na fito har da ɗan sanyi na ji a raina, wannan sanyin ya fi komai ba ni kunya.

Ranar Juma'a na nemi ɗakin Baba a unguwar Ammariyya. Na same shi yana ɗaure akwati da igiya, kafilinsa ya riga ya yanke masa takardar fita daga ƙasar. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne na zuba shinkafar nan. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ai na sani, ɗana. Kullum ina ganinka. Na so in hana ka, na kasa hana mutum ciyar da tsuntsu."

"To Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ja igiyar ya ƙulle, sannan ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. Ya ce, "Kai me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce ya yafe, har shayi ya zuba mini. Bayan mako guda ya tafi, ban sake jin labarinsa ba.

Na gama aikin nan, na yi wasu, iƙamata ba ta taɓa yankewa ba. Duk shekara in lokacin tsere ya zo gari yakan cika, abokina yakan ce in zo mu kalla ko a waya ne. Ban taɓa kallo ba. Ba haushin wurin nake ji ba, shi bai yi mini komai ba. Abin da na gane kawai shi ne, juye shinkafa ga tantabaru alheri ne mai arha, kowa zai iya. Ranar da aka nemi mai tsada, kalma biyu kacal, "ni ne", sai da ta kwana uku kafin ta fito daga bakina. Baba ya yafe mini da gaske, na yarda da haka. Amsar tambayarsa ce har yau ban samu ba.