Injin Juya Ƙwan Yayata

Da yayata ta fita takaba, sai ta sayar da akuyoyinta ta sayi ƙwan ƙyanƙyasa tire uku, da su za ta fara riƙe kanta da 'ya'yanta. Ni kuwa, mai gyaran rediyo a Ƙofar Ran, na bugi ƙirji na ce zan haɗa mata injin ƙyanƙyasa mai juya ƙwai da kansa. Ba wanda ya roƙe ni, bakina ne ya jawo mini.

A takarda abin ba wuya. Taima ta ƙirga awoyi ta taɓa tiransisto, tiransisto ya ja rile, wato makunnin nan mai naɗin waya a ciki, shi kuma ya tayar da ɗan injin da ke karkata tiren. A shago ya yi aiki sumul. Na kai shi gidanta a Inkil, na dawo ina hura hanci.

Kwana biyu sai ga saƙo, tire ya tsaya. Na tarar tiransisto ya ƙone, na canza. Bayan kwana uku ya sake ƙonewa. Na ɗora wa wutar gari laifi, na mayar da komai kan batir, bai hana ba. Na koma zargin kayan kasuwa, na ce jabu ne. Ƙwai kuwa idan ya daɗe ba a juya shi ba, ɗan tsakon mannewa yake a ɓawo ya mutu.

Zama ya gagare ni. In buɗe rediyon mutum, in bar shi a buɗe, in tare keke sai Inkil. Ko a sahun salla lissafin waya nake yi, Allah ya yafe mini. Yaya ba ta taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ta ce injiniya ya iso, ta miƙo mini kunu. Idan injin ya tsaya takan juya ƙwan da hannu, amma duk ranar da na gyara sai ta yarda da ni ta daina. In ya sake ƙonewa, haka tire zai yini a tsaye ba ta sani ba. Wannan yardar ta fi komai ci mini rai.

Ina tonon tsohuwar sitabilaizar da na ciro rilen daga cikinta, ina neman tiransisto na biyar, na ga wani ɗan dayod kamar ƙwayar shinkafa a gefen gurbinsa. Ni na bar shi a wurin, na ɗauka ba ruwansa da rilen. Ashe naɗin wayar idan an yanke masa wuta farat ɗaya harbi yake yi baya, dayod ɗin ne ke shanye harbin. Kunya ta kama ni ni kaɗai a shago.

A tsakar gidanta na liƙa shi a jikin rilen, na rage lokacin taima don gwaji. Rile ya yi ta ƙas-ƙas, tiransisto ko ɗumi bai yi ba. Na kira ta ta gani. Ta tsaya tana ƙirga kwanaki da yatsu.

"Auta, yau kwana sha takwas," in ji ta. "Daga yau ba a juya ƙwai. Kashe shi."

Da ranar ƙyanƙyasa ta zo, ko rabi bai ƙyanƙyashe ba. Na kwashi sauran a bokiti na zagaya bayan ɗaki, na fasa ɗaya. Ɗan tsako ne cikakke har da gashinsa, manne a gefe guda. Yaya ta karɓi bokitin daga hannuna, ta ce kar in fasa sauran.