Rigar da Na Ɗinka wa Ordinatar Baba

A lokacin ni malamar lekol ce, wato makarantar boko, a Magariya, ban daɗe da fara aiki ba, kuma ina ji da kaina wajen tsabta. In na ga ƙura a kan tebur, ba wanda zai sha ruwa a gidan. Mahaifina tsohon direba ne, ya daɗe yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Magariya da Damagaram, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya samu sauƙi, amma hannun hagu bai dawo daidai ba, sai ya koma zaman shiru, abinci ma sai an yi da gaske. Wani abokin aikina ya ba ni tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, irin mai akwatin nan da ake ajewa ƙarƙashin tebur, da wasan tuƙin mota a ciki. Wallahi ranar da Baba ya fara taɓa ta na ga dariyarsa, har faɗa yake yi wa motocin ciki wai ba su iya ba da hannu ba.

Don murna sai na yi wa akwatin abin da muke yi wa keken ɗinki da tele: na ɗinka masa riga ta atamfa mai shafi biyu, ta rufe shi ruf. Bazara na shigowa wasan ya fara tsiya. Baba zai ɗan yi tuƙi, hoto ya daskare, komai ya mutu. Na goge wasan na sake sawa, na rage kyan hoton kamar yadda aka ba ni shawara, duk a banza. Sau biyu ina ɗora ordinatar a kan babur ɗin kabu-kabu in kai ta wurin mai gyara, ta yi aiki lafiya lau a gabansa, don kafin in fita nakan cire rigar kada ta yi datti. Ko kusa ban haɗa abin ba. Na dawo na ce wa Baba a can ba ta mutuwa, wataƙila shi ke danna inda bai kamata ba. Wannan magana har gobe tana ci mini rai. Ya dubi hannunsa ya ce, “Uwata, bar ta. Motar ƙarya ma ta san na ƙare.” Daga ranar ya daina tashi daga tabarma.

Da na rasa yadda zan yi, na roƙi mai gyaran ya zo gida. Yana shiga ya ga rigar, ya tambaye ni ko ni zan iya gudu cikin bargo a wannan zafi. Ya nuna mini ramukan da iska ke fita, duk na toshe su, ya busa ƙurar fankar ciki, ya ɗora akwatin a kan bulo. Na durƙusa gaban Baba na faɗa masa laifin nawa ne, hannunsa lafiya ƙalau. Da ƙyar ya yarda ya zauna. Ranar ya yi tuƙi tun la'asar har aka kira magariba, ba ta mutu ba, ya tashi yana tambayar ko akwai sauran tuwo.

'Yan uwa, in na'ura ta ƙi, ku fara duba abin da ku kuka yi mata kafin ku ɗora wa wani, balle mara lafiya, wanda dama neman shaidar cewa ya zama kaya yake yi. Ordinatar ta gyaru cikin rabin awa. Baba kuwa sai da na yi makonni ina lallashi kafin ya daina ɓoye hannunsa cikin riga, amma alhamdulillahi ya daina.